Tsarin Ginin Tashar Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa

Gabatarwa

Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa gini ne da ake haƙawa a ƙarƙashin titunan birni domin jigilar jama'a ba tare da an ƙara cunkoso a kan hanya ba. Birnin Landan ne ya fara buɗe irin wannan layi a shekarar 1863. A nahiyarmu kuwa, Alƙahira ce ta fara a 1987, sannan babban birnin Aljeriya a 2011. Jiragen cikin gari na Abuja da Legas a sarari suke tafiya, haka ma jirgin Masha'ir da alhazanmu ke hawa tsakanin Mina, Muzdalifa da Arfa.

Sassan Tasha

Galibi tasha hawa uku ce. Na farko shi ne mashiga a bakin titi. Na biyu shi ne zauren sayen tikiti, inda ake tantance fasinjoji. Na uku shi ne dandamalin jiran jirgi. Matakala da na'urorin hawa ne ke haɗa su, kuma akan tanadi lif domin tsofaffi da masu buƙata ta musamman.

Abubuwan da Ake Kiyayewa

1. Ruwa. Duk ramin da ya zarce matakin ruwan ƙasa, ruwa zai matsa wa bangonsa dare da rana. Mu a Jihar Kano mun san wannan a gonakin rani na Kura da Bunkure, inda ruwan da ake korowa daga madatsar Tiga kan ɗaga ruwan ƙasa har gona ta jiƙe idan magudanai suka toshe. Saboda haka ake zuba katangar kankare mai kauri, a girka injinan zuƙe ruwa, a kuma ɗaga bakin mashiga sama da titi. A 2021 ambaliya ta shiga layin jirgin birnin Zhengzhou na ƙasar Sin, mutum 14 suka rasu.

2. Gobara. A cikin rami hayaƙi ya fi harshen wuta kisa. Gobarar tashar King's Cross ta Landan a 1987 ta tashi ne daga matakalar katako mai motsi, ta hallaka mutum 31. Shi ya sa ake amfani da kayan da ba sa cin wuta, da manyan fankoki masu fitar da hayaƙi, da ƙofofin tsira fiye da ɗaya.

3. Haske. A tashar Qasr al-Hokm ta layin Riyad, wanda aka fara buɗewa a Disamban 2024, an yi rumfar ƙarfe mai sheƙi wadda ke mayar da hasken rana zuwa cikin rami.

Kammalawa

Muna jan hankalin ɗalibanmu masu nazarin zanen gine-gine da aikin injiniya cewa waɗannan ƙa'idoji, musamman na magudanar ruwa, sun shafi hanyoyin ƙarƙashin ƙasa na birnin Kano, irin su na Kabuga da Gadon Ƙaya.