Tattara bayanan kamun kifi a Najeriya

Tattara bayanan kamun kifi a Najeriya aiki ne na ƙidaya masunta da kwale-kwalensu da kayan sana'arsu, da auna yawan kifin da ake kamawa a teku da koguna da tafkuna da madatsun ruwa, har da wanda ake kiwo a gonakin kifi. Gwamnatin tarayya da ta jihohi ne suke gudanar da aikin tare, domin doka ta raba ikon ruwa a tsakaninsu. Jihar Katsina, wadda ba ta da teku ko babban kogi, tana shiga wannan lissafi ne ta hanyar madatsun ruwanta.

Rabon iko

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya sanya harkar kamun kifi a jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai take yi wa doka, amma ya cire kamun kifi a koguna da tafkuna da kududdufai da sauran ruwan cikin ƙasa. Hakan ya bar ruwan cikin ƙasa a hannun jihohi. Tun kafin nan, a shekarar 1992, gwamnatin soja ta fitar da dokoki biyu: doka mai lamba 71 ta kamun kifi a teku, da mai lamba 108 ta kamun kifi a ruwan cikin ƙasa. Ta biyun ta ba kwamishinan jiha ikon bayar da lasisi ga masunta, ta kuma haramta amfani da guba da abubuwan fashewa wajen kama kifi.

Wannan rabo ne ya sa haɗin gwiwa ya zama dole. Sashen Kula da Kifi na Tarayya shi ne yake fitar da alƙaluman ƙasa, daga nan suke isa ga Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO. Amma ma'aikatan da suke kusa da bakin ruwa na jihohi ne, kuma su ne suka san masunta da shugabanninsu.

Tarihi

An kammala madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, kuma a shekarar ce aka fara aikin binciken tafkin Kainji da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Aikin ya zama cibiyar bincike a 1975, sannan a 1987 aka mayar da shi cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, wadda ake kira NIFFR, mai mazauni a New Bussa ta Jihar Neja. A 1975 ɗin ne kuma aka kafa cibiyar binciken teku a Legas.

Daga shekarar 1993, wani shiri na haɗin gwiwar Najeriya da Jamus ya haɗa NIFFR da jihohin Neja da Kebbi wajen ƙidayar masuntan tafkin Kainji da auna kamunsu a kai a kai. Alƙaluman sun nuna yadda jan taru mai ƙananan idanu, wanda masunta suke kira dala, yake kwashe 'ya'yan kifi kafin su girma. Daga baya jihohin biyu suka hana amfani da shi, aka kuma sanya sarakunan ruwa cikin aikin bayar da lasisi da sa ido. Ana yawan kawo Kainji a matsayin misali na yadda cibiyar tarayya da jihohi da masu sarautar gargajiya suke iya aiki a kan ruwa ɗaya.

Yadda ake tattara bayanan

Hanyoyi biyu ne aka fi amfani da su. Ta farko ita ce ƙidayar tushe: ma'aikata suna zagaya duk mashigar da masunta suke sauke kifi, su rubuta yawan masunta da kwale-kwale da irin kayan aiki, kamar koma da birgi da ƙugiya da gura. Ta biyu ita ce auna kamu: ana zaɓar wasu mashigai da wasu ranaku a wata, a auna kifin wasu daga cikin masunta, a rarrabe shi iri-iri, kamar tarwaɗa da ƙarfasa da ƙurungu da ragon ruwa. Idan aka samu matsakaicin abin da kwale-kwale ɗaya yake kamawa a rana, sai a ninka shi da yawan kwale-kwalen da ranakun fita, a samu kiyasin kamun wata.

Baya ga haka, cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana gudanar da binciken aikin gona na damina kowace shekara tare da hukumomin bunƙasa aikin gona na jihohi, kuma kifi yana cikin abubuwan da take dubawa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ma ta sanya kamun kifi da kiwonsa cikin ƙidayar aikin gona da ta fara a 2022.

A Jihar Katsina

An ƙirƙiri Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna a ranar 23 ga Satumba, 1987. Yawancin kogunanta suna ƙafewa da rani, don haka kamun kifi ya dogara ne da madatsun ruwa irin su Zobe a kusa da Dutsin-Ma, da Jibiya, da Ajiwa a Batagarawa, da Mairuwa a Funtuwa, da Sabke da Daberam a yankin Daura. An kammala Zobe a 1983 a kan kogin Karaɗuwa. Ita da madatsar Jibiya suna ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda ta tarayya ce, alhali kamun kifin da ake yi a cikinsu yana ƙarƙashin dokar jiha. Masu bincike daga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke birnin Katsina sun yi nazarce-nazarce a kan nau'o'in kifin waɗannan madatsu.

Ƙalubale

Masunta da yawa suna ƙaura daga wannan ruwa zuwa wancan, shi ya sa ƙidayarsu take saurin tsufa. Kifin da aka ci a gida, ko aka banda aka kai kasuwa kai tsaye, sau da yawa ba ya hawa kan sikeli. Wasu masunta kuma suna rage yawan abin da suka kama idan suka zaci haraji ake so a sanya musu. Ƙarancin ma'aikata da kuɗin zirga-zirga, da matsalar tsaro a wasu sassan jihar, suna hana zuwa bakin ruwa a kan lokaci.

Muhimmanci

Hukumomin tarayya suna kiyasta cewa Najeriya tana buƙatar kifi kusan tan miliyan 3.6 a shekara, yayin da abin da take samarwa bai wuce tan miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Da irin waɗannan alƙaluma ake tsara yawan kifin da za a shigo da shi daga waje. A matakin jiha kuma, su ne suke nuna ko kifin wata madatsa yana raguwa, da lokacin da ya kamata a zuba mata sabon iri ko a taƙaita kamu. A 2023 aka kafa Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa, daga baya aka mayar da sashen kifi na tarayya ƙarƙashinta daga Ma'aikatar Aikin Gona.