Taliyar murji: Yadda injin hannu ke aiki da abin da ke lalata taliyar gida

A unguwannin Kano, Katsina, Zariya da Maradi, ba baƙon abu ba ne a shiga gida a tarar da igiyar shanya cike da zaren taliya maimakon tufafi. Wannan ita ce taliyar murji, wadda wasu ke kira 'yar murji ko taliyar Hausa. Mata ne suka fi yin ta, wasu don tukunyar gida, wasu kuma sana'arsu ke nan: su murza, su shanya, su ƙulla, a kai shago ko a saya a ƙofar gida. Jarin bai wuce fulawa da gishiri da ruwa da ɗan ƙaramin injin ƙarfe mai mariƙi ba.

Injin ne ya fi ɗaukar ido, shi ya sa idan taliya ta lalace shi ake fara ɗora wa laifi. A gaskiya aikinsa kaɗan ne. Kyan taliya ko lalacewarta na faruwa ne a wurare biyu da injin ba ya taɓawa, wato wurin kwaɓi da wurin shanya.

Abin da injin ke yi

Injin taliya na hannu sassa uku gare shi. Akwai sandunan ƙarfe biyu masu santsi da ke juyawa suna fuskantar juna, su ne ke lanƙwasa kwaɓi ya zama falle. Akwai maɓalli mai lambobi a gefe da ke matso da sandunan ko ya ware su. Sai bakin yanka, wanda galibi kashi biyu ne, ɗaya na fitar da siririn zare, ɗaya kuma mai faɗi. Mariƙi ɗaya ne, ana zare shi daga wannan rami a soka a wancan. Ana ɗaure injin a bakin teburi ko benci da maɗauri mai sukuru, don kada ya riƙa rawa.

Wannan siffa daga Italiya ta yaɗu. Kamfanin Marcato, wanda aka kafa a 1930 kusa da birnin Padua, da kamfanin Imperia na birnin Turin da ya fara a 1932, su ne sunayen da suka fi fice. Samfurin Atlas 150 na Marcato yana da sanduna masu faɗin milimita 150 da matakan kauri goma, daga 0 zuwa 9, kuma bakin yankansa na fitar da zare mai faɗin milimita 1.5 da mai milimita 6.5. Akwai injina masu arha da yawa da aka kwaikwayi wannan tsari, amma lambobinsu ba lallai su zo ɗaya ba. A wani injin ƙaramar lamba ce mafi buɗewa, a wani kuma babbar. Gara mai aiki ta duba tazarar sandunan da idonta kafin ta zura kwaɓi.

Injin kamfani daban yake. Shi matse kwaɓi yake yi da ƙarfi ta cikin faifan ƙarfe mai huji, shi ya sa taliyar leda ke fitowa a mulmule, makaroni kuma da rami a tsakiya. Injin hannu shimfiɗawa yake yi ya yanka, don haka zarensa mai kusurwa ne, kuma ba zai taɓa fitar da makaroni ba.

Kwaɓi

A cikin fulawar alkama akwai furotin iri biyu waɗanda, idan suka sha ruwa aka cuɗa su, suke haɗuwa su zama abin da ake kira giluten. Shi ne danƙon da ke riƙe falle ya miƙe ba tare da ya yage ba, kuma shi ne ke riƙe sitaci a tukunya kada taliya ta narke. Wannan danƙo ba ya samuwa sai da cuɗa ta sosai, ta kimanin minti goma, sannan a rufe kwaɓin ya huta kamar rabin awa. Hutun ba ɓata lokaci ba ne. A lokacin ne ruwa ke ratsa garin ko'ina, danƙon kuma ya saki. Kwaɓin da bai huta ba, da an miƙar da shi sai ya tsuke ya koma.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ruwa. Hannun da ya saba da kwaɓin fanke ko na burodi zai ga kwaɓin taliya ya yi tauri, sai ya ƙara ruwa. To taurin nan shi ake nema. Kilo ɗaya na fulawa ruwan da yake buƙata bai wuce mililita 350 zuwa 400 ba, gwargwadon irin fulawar da yanayin gari. Idan ruwa ya yi yawa, falle zai manne wa sanduna, bakin yanka kuma ya kasa raba zaren, sai ya fito a haɗe biyu-biyu. Idan ya yi kaɗan, gefen fallen zai riƙa tsagewa yana marmashewa. Na biyun ya fi sauƙin gyara: a jiƙa tafin hannu a sake cuɗawa.

Masu taliyar murji da dama na sa ruwan kanwa a kwaɓi, kuma akwai dalilin kimiyya a bayan wannan al'ada. Kanwa na ƙara wa giluten ƙarfi, tana kuma sa wasu sinadarai na cikin fulawa su koma ruwan ɗorawa. Wannan dabara ce masu taliyar Sin da Japan ke amfani da ita da wani ruwan gishiri mai kama da kanwa da suke kira kansui. Sai dai kanwar kasuwa na zuwa da yashi, dole a jiƙa ta, a bari ta kwanta, a tace. Yawanta kuma na kawo ɗaci da duhun launi, yana kuma lalata bitamin B1. Wannan asara ce ta gaske, domin a Najeriya doka ta wajabta wa kamfanoni ƙara wa fulawa sinadaran gina jiki, kuma mai saye ya riga ya biya kuɗinsu.

A arewacin Italiya, musamman yankin Emilia-Romagna, da ƙwai ake kwaɓawa ba da ruwa ba: ƙwai ɗaya ga giram 100 na fulawa. Mutanen Bologna sun ɗauki abin da muhimmanci har a 1972 aka yi wa faɗin taliyarsu mai suna tagliatelle rajista a ofishin 'yan kasuwa na birnin, milimita 8 bayan ta dahu. Taliya mai ƙwai ta fi laushi da armashi, amma ba ta dace da shanya a zafin bazara ba, kamar yadda bayani zai zo.

Murji kansa ba shi da wuya. A yanki kwaɓi gwargwadon dunƙulen hannu, a bar sauran a rufe. A daddanna shi ya yi faɗi, a wuce da shi ta mafi buɗewar mataki, a ninke uku, a sake wucewa, sau huɗu ko biyar, har ya yi santsi. Daga nan a riƙa rage tazara mataki-mataki. Tsallake mataki don sauri na yaga falle, yana kuma cinye haƙoran injin. A barbaɗa gari kaɗan, a bar fallen ya sha iska na 'yan mintuna, sannan a yanka. Aikin ya fi daɗi da mutum biyu, ɗaya na juyawa ɗaya na tarbe. Inda yara ke taya juyi, a kula da yatsunsu da bakin mayafi.

Shanya, inda haɗarin yake

Dokar Italiya ta kayyade cewa busasshiyar taliya kada ruwan jikinta ya wuce kashi 12.5 cikin ɗari, ɗanya kuwa ruwanta ba ya gaza kashi 24. Tsakanin waɗannan lambobi biyu ne taliyar gida ke lalacewa. Kamfani na busar da tasa a ɗakuna masu awon zafi da danshi. Mai taliyar murji kuwa abin da sama ta ba ta da shi take aiki.

Da hunturu iska a bushe take, taliya na iya bushewa cikin yini. Matsalar ita ce bayan zaren na riga cikinsa bushewa, sai ya tsattsage, ya kakkarye a tukunya. Ga kuma ƙura. Saboda haka inuwa mai iska ta fi tsakar rana, kuma yana da kyau a yafa siririn ƙyalle mai tsabta a kai. Da damina abin ya juye: danshi na hana bushewa, kwaɓi ya yi tsami, fumfuna ta samu wurin zama. Mafi muni shi ne a ƙulle taliyar da ba ta gama bushewa ba a cikin leda, domin ledar na riƙe danshin a ciki. Gwajin mai sauƙi ne. Busasshen zare karyewa yake yi ƙas, wanda bai bushe ba lanƙwasawa yake yi. Duk taliyar da ta yi ɗigon baƙi ko kore, ko take warin tsami, zubarwa ake yi. Tafasa na kashe fumfuna, amma ba lallai ta kawar da gubar da wasu nau'o'inta ke bari ba.

Mai ƙwai kuma hukuncinta ya fi tsanani. Ɗanyen ƙwai na iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, wadda ke yaɗuwa da sauri a wuri mai ɗumi da danshi. A firji kwana ɗaya zuwa biyu take yi. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, abin da ya fi shi ne a murza a dafa a ranar. Ita kanta fulawa ɗanyen abinci ce, bai kamata a bar yara su riƙa cin kwaɓi ba.

Shin ta fi arha?

Lissafin ba shi da sarƙaƙiya. Fulawa da kanta tana ɗauke da ruwa kimanin kashi 13 zuwa 14 cikin ɗari, kusan daidai da na busasshiyar taliya. Ruwan da aka zuba a kwaɓi ficewa yake yi a kan igiya. Ke nan kilo ɗaya na fulawa kusan kilo ɗaya na busasshiyar taliya yake bayarwa, daidai da ledar kamfani biyu masu giram 500. Mai son sanin riba sai ta kwatanta kuɗin kilon fulawa da na leda biyu a kasuwarsu, ta cire gishiri da kanwa da ledar ƙulli, sannan ta tambayi kanta nawa wahalarta ta kai. A auna da sikeli, domin kwano da mudu ba girmansu ɗaya ba daga kasuwa zuwa kasuwa.

Abin da lissafin ke ɓoyewa shi ne taliyar gida da ta leda tushensu ɗaya. Najeriya na shigo da fiye da kashi 90 cikin ɗari na alkamar da take ci, duk da noman ranin da ake yi a Kadawa da kwarin Haɗeja. Yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke a Fabrairun 2022, da sakin darajar Naira a Yunin 2023, duk sun sauka a kan buhun fulawa. Kamfanonin da ke niƙa fulawar, irin su Flour Mills of Nigeria mai Golden Penny, da BUA, da Olam wanda ya sayi Dangote Flour Mills a 2019, su ne kuma ke yin taliyar leda. Mai murji a gida tana sayen kayan aikinta ne daga hannun wanda take gogayya da shi, kuma a farashin ɗai-ɗai.

A tukunya, ɗanyar taliya minti biyu zuwa huɗu take buƙata, busasshiya ta ɗan fi haka. Fulawar da ake samu a kasuwa ba ta kai alkamar durum tauri ba, wadda Italiyawa ke yin busasshiyar taliya da ita, don haka 'yar murji na saurin caɓewa. Ruwa ya zama mai yawa, kamar lita ɗaya ga giram 100, kuma sai ya tafasa sosai za a zuba. Idan da wake za a haɗa, waken ne zai fara nuna, taliya ta biyo a ƙarshe, kafin manja da yaji.

Shi kuwa injin, ba a wanke shi da ruwa. Ruwa na shiga tsakanin sanduna da haƙora ya kawo tsatsa, ragowar gari kuma ya zama laka a inda hannu ba ya kaiwa. A bari abin da ya manne ya bushe, a kakkaɓe da buroshi ko tsinke, a goge da busasshen ƙyalle. Sabon inji na zuwa da man masana'anta a jikin sandunansa, don haka kwaɓin farko ana wucewa da shi sau da yawa ne a jefar. Idan kuma fentin ƙarfen ya fara ɓantarewa yana fitowa a jikin falle, injin ya gama aikin abinci.