Greensboro bayan shekara talatin

Na bar Greensboro a 1994, ban sake taka garin ba sai bara, da ɗaurin auren ɗan wani aminina ya kai ni. Tun daga filin jirgi na fara ɓata. Na ce wa yaron da ya ɗauko ni mu bi High Point Road, sai ya yi dariya ya ce, "Baba, ai yanzu Gate City Boulevard ake ce mata." Ashe tun 2015 aka sake sunan.

Washegari na nufi titin South Elm, inda kantin Woolworth yake. Lokacin da nake karatu a jami'ar A&T na sha cin abinci a teburin nan mai tsawo, kuma Allah ya sani, yunwa ce ke kai ni, ba tarihi ba. A nan ne ranar 1 ga Fabrairu 1960 ɗalibai huɗu baƙar fata na jami'armu, Ezell Blair, David Richmond, Franklin McCain da Joseph McNeil, suka zauna a kujerun da aka keɓe wa Turawa, aka hana su abinci, su kuma suka ƙi tashi. Cikin makonni kaɗan zaman ya bazu a garuruwan kudancin Amurka, kuma ranar 25 ga Yuli kantin ya ba da kai. Blair daga baya ya musulunta, ya koma Jibreel Khazan. An rufe wurin cin abincin a 1993, a kan idona. Tun 2010 ginin ya zama gidan tarihi, kuma sai da na sayi tikiti kafin na ga kujerar da na saba zama.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne masaƙar White Oak ta kamfanin Cone. Tun 1905 take saƙa yadin jins, har Levi's na saye daga gare ta, ta ciyar da unguwanni sukutum. An kashe injunanta a ƙarshen 2017. Wanda ya san yadda masaƙun Kakuri suka mutu a Kaduna ba ya bukatar dogon bayani. Maƙwabciyarta Revolution Mill ta tsira, amma ofisoshi da gidajen haya ne a cikinta yanzu.

Mu fa? A zamanina idan muka cika falo ɗaya ranar Sallah, mun yi taro. A wajen ɗaurin auren nan mutanen Nijar da na Najeriya sun cika zaure har waje, Hausa da Zabarmanci na tashi ta ko'ina, ga tuwo da dambu. Na tambayi samari biyar, haifaffun garin, ko sun taɓa shiga ginin Woolworth. Biyu suka ce makaranta ta kai su. Sauran ukun na yi musu alkawarin Asabar, muka je, na biya musu kuɗin shiga.