Telwa, Ƙoramar Da Ta Raini Agadas

Baƙon da ya isa Agadas da rani, idan aka nuna masa Telwa, zai yi dariya. Yashi ne shimfiɗe, awaki na ratsawa, yara na wasa a ciki. To amma da babu wannan yashin, da babu garin.

Telwa tana gangarowa ne daga duwatsun kudancin Abzin. Ba ta da idon ruwa guda da za a ce shi ne mafarinta. Ƙananan ƙoramu ne barkatai, kowace daga kwazazzabonta, suke haɗuwa su ba ta ƙarfi. Takan bi ta Dabaga, ta wuce Azel, ta raɓi Agadas ta arewa, sannan ta bazu a filin Irhazer. A zamanin da Sahara take da danshi, ruwan wannan fili yakan bi kwarin Azawak da Dallol Boso har ya faɗa kogin Kwara.

Ruwan saman Agadas ba ya kai milimita 200 a yawancin shekaru. Amma dutse ba ya shan ruwa. Abin da ya zuba a kansa tsakanin Yuli da Satumba sai ya taru a Telwa, ya yi gudu na sa'o'i ko 'yan kwanaki, ya nutse. Yashin ya ɓoye shi daga rana, ya zama rumbu. Daga nan rijiyoyi ke sha, a da raƙumi ko sa ne ke jan guga, ana ban-ruwan alkama da albasa da dabino.

Wannan ruwan na cikin abin da ya sa Sarkin Abzin ya iya zama a Agadas tun ƙarni na 15, ayarin gishirin Bilma da fataken Kano da Katsina suka sami zango. Bayan farin 1973 da na 1984, makiyaya da dama da dabbobinsu suka ƙare a bakinta suka kama lambu.

Sai dai garin ya yi girma, an yi gini a hanyar ruwa. A farkon Satumbar 2009 Telwa ta cika da dare, ta karya madatsa, ta shiga unguwanni, dubban gidajen laka suka rushe. Magabata sun san iyakarta, shi ya sa suka kafa tsohon gari nesa da gaɓa. Mai neman fili a Agadas yau, kafin ya tambayi kuɗinsa, gara ya tambayi tsofaffi inda ruwa yake bi.