Tarihin Ƙidaya a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Tun zamanin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna Tambuwal, masu mulkin wannan yanki na kudancin Sakkwato ba su rasa hanyar sanin ƙarfin ƙasarsu ba. Ma'auninsu kuwa shi ne dami. In kaka ta yi, manomin da hatsinsa ya kai nisabi yakan fid da dami ɗaya cikin goma, watau zakka. Ta haka uban ƙasa kan gane shekarar da aka yi albarka da wadda damina ta yi gardama.

Da Turawa suka ci Sakkwato cikin 1903 sai aka sake awo. A 1906 aka yi dokar haraji, bayan 'yan shekaru kuma aka kafa baitulmali. Aka shiga aika malamai ƙauye ƙauye, suna rubuta sunan kowane baligi mai biyan haraji, suna ƙirga shanu don jangali. Dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai Sakkwato, Razdan ya duba. Aikin nan ya yi amfani ƙwarai, gama da shi aka yanka wa ma'aikatan En'e albashi, aka gina kotuna da makarantu.

Amma fa akwai wani lahani a ciki. Littafin haraji abin da za a karɓa kaɗai ya sani. Bai tambayi ko hatsin rumbu zai kai maigida damina ba, ko 'ya'ya nawa ƙyanda ta ɗauke a unguwa. Talakawa kuma da suka ga duk wanda aka rubuta sai ya biya, sai suka koyi ɓoyo. Saurayi ya laɓe a gona, Bafillace ya kora garkensa cikin daji har malam ya wuce. Babbar yunwar 1914 ta nuna iyakar irin wannan lissafi, don jimlar kuɗin baitulmali ba ta faɗin abin da ke cikin tukunya.

Ƙidayar 1931 ma yawancinta a Arewa daga littattafan haraji aka tsamo ta, ga shi kuwa a shekarun nan fara ta shagaltad da ma'aikata. Sai a 1952 zuwa 1953 aka yi ƙidaya mai ɗan kyau, aka sami mutum wajen miliyan 30 a Nijeriya. A ranin nan ne kuma aka zaunad da malamai a bakin hanyoyi da mashigai, suka ƙirga masu fita cin rani daga Lardin Sakkwato, aka sami fiye da 250,000. Wani Bature masanin ƙasa, Mansell Prothero, ya yi nazarin abin da suka rubuta. Wannan adadi ya fi na haraji faɗin gaskiya, domin ya nuna gona kaɗai ba ta riƙe magidanta da yawa shekara sukutum.

Bayan samun mulkin kai sai al'amari ya juye. Da aka ga da yawan jama'a ake raba kujerun majalisa da kuɗin gwamnati, masu ɓoyo jiya suka zama masu ƙari. Aka yi ta gardama kan ƙidayar 1963, ta 1973 kuwa soke ta aka yi ɗungum. A 1976 aka rushe En'e, aka kawo ƙananan hukumomi. Ƙidayar 2006 ta ba Tambuwal mutum fiye da 220,000, Kebbe kuwa fiye da 120,000.

Cikin 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fito da wani awo dabam. Ba kuɗin aljihu ta ƙirga ba. Ta tambayi magidanta irin ruwan da suke sha, da nisan asibiti, da yaran da ba sa zuwa makaranta, da abin da ake hura wuta da shi, da ko abinci na isa. Aka sami mutum miliyan 133 cikin talauci ta fuskoki da yawa, watau 63 cikin ɗari. Jihar Sakkwato ce ta fi kowace, da kamar 91 cikin ɗari. Labari ne mai ɗaci, amma ciwon da aka ɓoye ba ya samun magani.

To, abin lura ga ma'aikaci shi ne, kowace ƙidaya amsar tambayar da aka yi take bayarwa. In don karɓa aka ƙirga, mutane su rage. In don rabo, su ƙara. Wadda ke da amfani ita ce mai tambayar rumbu da rijiya da lafiyar yara, a hannun malami mai riƙon amana wanda ba ya cika takarda a gindin itace bai shiga gari ba. Allah ya ba masu riƙe da alƙalami ikon rubuta abin da suka gani, amin.