Daga Kundin Akawu Zuwa Lambar BVN: Tarihin Tsarin Adana Bayanai a Bankunan Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Banki ba ya ƙera kaya, hidima yake sayarwa, kuma ginshiƙin hidimar shi ne bayani: wane ne mai ajiya, nawa ya ajiye, nawa ya rage masa. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda aka riƙa adana wannan bayani a Nijeriya, da kuma abin da hakan ya jawo wa harshe da sunayen jama'a.

2.0 Zamanin Kundi

Aikin banki irin na Turawa ya fara a Legas a 1892, kuma a 1894 aka kafa bankin da a yau ake kira First Bank. Daga wancan lokaci har kusan shekara casa'in, kundi da alƙalami su ne tsarin. Kowane reshe yana riƙe da kundinsa, shi kuwa mai ajiya yana riƙe da ɗan littafin da akawu ke cikewa da hannu. Ke nan mutum abokin hulɗar reshe ne kawai. Ɗan kasuwar da ya buɗe asusu a Kano ba shi da ikon cirar kuɗinsa a Anacha, domin can ba su da shafinsa. Wannan ne ya sa fatake suka daɗe suna ɗaure kuɗi a jiki suna hawa mota, duk da haɗarin 'yan fashi. Wanda ya je reshensa ma sai a ba shi lambar layi, ya yini yana jira a binciko katin sa hannunsa.

3.0 Shigowar Na'ura

Gasa ce ta kawo sauyi. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, yawan bankuna ya tashi daga kimanin 40 zuwa kusan 120 a farkon shekarun 1990, kuma sababbin bankunan suka riƙi kwamfuta a matsayin abin jawo masu ajiya. An kafa NIBSS a 1993 domin daidaita biyan kuɗi tsakanin bankuna. Sai dai kwamfutar da ba ta iya magana da 'yar'uwarta kundi ce kurum mai cin lantarki. Haɗuwar rassa ba ta kankama ba sai da wayar salula ta zo a 2001, Interswitch ya biyo baya a 2002, sannan garambawul ɗin 2004 zuwa 2005 ya mayar da bankuna 89 zuwa 25 masu ƙarfin sayen kayan aiki. A 2011 aka soma tura kuɗi nan take daga wani banki zuwa wani.

4.0 Suna a Gaban Na'ura

A nan ne batun ya shafi masana harshe. A watan Fabrairun 2014 Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da BVN, lamba mai alƙaluma 11 da ke haɗa duk asusun mutum da zanen yatsunsa. Manufar mai kyau ce, domin ta toshe kafar buɗe asusu da sunan ƙarya. Amma takardar cikewa ta ginu a kan tsarin sunan Bature, wato suna da sunan dangi. Bahaushe kuwa ba shi da sunan dangi a al'adance. Yakan jingina sunansa da na mahaifi, ko da na gari, kamar Aminu Kano da Shehu Shagari, kuma yana iya amfani da wannan a makaranta, wancan a wurin aiki. Ga kuma rubutun suna guda ta hanyoyi da dama: Muhammad, Muhammadu, Mohammed. Akawun da ya san mai ajiya ya san duk mutum ɗaya ne. Na'ura ba ta san haka ba, harafi take kwatantawa da harafi, kuma saɓanin harafi ɗaya ya isa ya kai dattijo kotu yin rantsuwa cewa shi ne shi.

Haruffa masu lanƙwasa su ma ba su tsira ba. Tsarin ASCII na 1963 alamomi 128 ya tanada, babu ɓ, ɗ ko ƙ a ciki. Unicode ya samar musu gurbi tun 1991, amma a katin banki Ɗanladi yakan koma Danladi, kamar yadda Tafawa Ɓalewa ya koma Balewa a takardun hukuma. Ɗigon ƙasan haruffan Yarabanci da Ibo ma haka yake salwanta. Uzurin fasaha ya daɗe da ƙarewa, abin da ya rage rashin kula ne.

Jama'a dai ba su jira kwamitin ƙirƙirar kalmomi ba. A farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira 200 da 500 da 1000 ya haddasa ƙarancin tsabar kuɗi, mai shayi da mai nama sun koma karɓar kuɗi ta waya, sai kalmomin taransifa da alat da netwok suka zauna daram a bakin wanda bai taɓa shiga aji ba. Saƙon da ke shaida masa cewa kuɗin sun shigo kuwa da Ingilishi yake zuwa, sau da yawa sai ya miƙa wa yaro wayar ya karanta masa.