Ga Zaƙi Ga Harbi: Tarihin Dokar Baƙin Haure ta 1986 a Amurka

Ƴan uwana dalibai, duk lokacin da muka ji a rediyo cewa majalisar Amurka na shirin wata doka da za ta tsananta tsaron iyaka kuma ta bai wa baƙin haure takardun zama, sai wasunmu su ɗauka sabon abu ne. Ni kuwa da na bi tarihin maganar, na tarar an taɓa yin irin wannan ciniki sau ɗaya, a 1986, kuma har yau abin da ya biyo bayansa ne ke kashe duk dokar da aka kawo mai kama da shi.

Mu fara daga tushe. Daga 1942 zuwa 1964 Amurka ta yi yarjejeniya da Meziko da ake kira Bracero, inda ƴan ci-rani ke shiga aikin gona da kwangila, su gama su koma gida, kamar dai yadda namu ke tafiya bida bayan girbi su dawo kafin damina. Da aka soke shirin, gonakin Kaliforniya da Texas ba su daina neman hannu ba, mutanen ma ba su daina zuwa ba. Abin da ya sauya kawai shi ne yanzu ba su da takarda. Kafin a kai 1980 an riga an tara miliyoyin mutane masu aiki, masu haihuwa, masu biyan haya, waɗanda a idon hukuma babu su.

Sanata Alan Simpson na jam'iyyar Republican da ɗan majalisa Romano Mazzoli na Democrat suka ɗauki nauyin neman mafita. Sun sha faɗuwa kafin dokar ta wuce, sai ranar 6 ga Nuwamba 1986 shugaba Ronald Reagan ya sa mata hannu. Dokar kamar zuma take, ga zaƙi ga harbi. Zaƙin shi ne duk wanda ya nuna shaidar yana zaune a ƙasar tun kafin 1 ga Janairu 1982 zai samu takardar zama, haka ma wanda ya yi aikin gona na kwana 90 a cikin shekarar da ta ƙare a Mayun 1986. Harbin kuma iri biyu ne: a ƙara jami'an tsaron iyaka, sannan a karon farko a ci tarar duk mai kamfani ko mai gona da ya ɗauki marar takarda aiki yana sane.

Ɓangaren zaƙi ya yi aiki. Kusan mutum miliyan 3 suka nema, wajen miliyan 2.7 suka samu, mafi yawansu ƴan Meziko. Ku auna abin da wannan ke nufi ga mutum ɗaya: wanda ya shekara goma yana ɓuya in ya hango ɗan sanda, yanzu zai iya kai ƙarar uban gidan da ya cinye masa albashi, zai iya zuwa jana'izar mahaifiyarsa ya dawo bakin aikinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk mai sukar dokar ya kamata ya fara da amincewa da shi.

To amma ba nan gizo ke saƙa ba. Kalmar nan “yana sane” ita ta kwance wa dokar zani. Abin da aka ɗora wa mai ɗaukar aiki shi ne ya duba takardu ya cike fom. In takardar ta yi kama da ta gaskiya, ya fita. Nan take kasuwar takardun jabu ta buɗe, masu gonaki suka ci gaba da harkarsu hankali kwance. Na biyu, waɗanda suka shigo bayan 1982 an bar su a rana, har a gida ɗaya sai ka ga miji ya samu, mata da ƴaƴa ba su samu ba. Na uku, kuma a ganina shi ne babba, dokar ta dubi waɗanda suka riga suka shigo, ba ta buɗe wata ƙofa mai faɗi ga waɗanda za su zo gobe ba, alhali aikin da ke kiransu yana nan.

Daga nan ma'aunin ya karkace. An raba takardu sau ɗaya an rufe, tsanantawa kuwa ta yi ta ƙaruwa. Dokar 1996 ta ce wanda ya zauna ba izini ya fita, za a hana shi dawowa shekara 3 ko 10, gwargwadon daɗewarsa. A 2006 aka amince da gina shinge mai tsawon kusan kilomita 1,100. Masanin nan Douglas Massey ya nuna abin da hakan ya haifar: da tsallakawa ta yi tsada da haɗari, ɗan ci-ranin da a da ke zuwa yana komawa sai ya zauna dindindin ya aiko a kawo masa iyali. Zuwa 2007 an ƙiyasta marasa takarda sun kai miliyan 12.

Kun ga ke nan kowane ɓangare ya fito daga cinikin 1986 yana jin an cuce shi. Masu son tsanantawa suna cewa an yi afuwa, alkawarin hana shigowa bai cika ba. Masu kare baƙi suna cewa an yi ta ƙara bulala shekara da shekaru ba a sake buɗe ƙofa ba. Shi ya sa ƙoƙarin shugaba George Bush ƙarami ya mutu a majalisar dattawa a 2007. A 2013 sanatoci takwas, huɗu daga kowace jam'iyya, suka sake haɗa irin wannan kunshi: ƙarin jami'an iyaka wajen 20,000, da hanyar zama ɗan ƙasa mai ɗaukar shekara 13. Dattawa suka amince da ƙuri'a 68 da 32, majalisar wakilai kuwa ko ƙuri'a ba ta kaɗa a kai ba.

Me ya shafe mu a nan? Ai mu ma mun ɗanɗana rabin wannan girki. Dokarmu mai lamba 2015-36, wadda Turai ta mara wa baya, ta haramta safarar baƙi. Aka kama direbobi a Agadez, aka ƙwace motoci, matafiya suka koma bin hanyoyin hamada da ba rijiya. An soke ta a Nuwamban 2023. Mun ga harbin da idonmu, zaƙin kuwa, wato biza da hanyar tafiya ta halal, ba mu ga ya iso ga talaka ba.

Don haka in aka sake kawo irin wannan doka, ko a Washington ko a Brussels ko a nan Yamai, ni tambayoyi uku zan yi, kuma ina roƙonku ku riƙe su. Takardun na sau ɗaya ne ko ƙofa ce da za ta zauna a buɗe? Wa za a hukunta da gaske, lebura ko wanda ke cin guminsa? Sannan me aka tanadar wa ƙanenmu da zai ɗaura jaka baɗi bayan an gama girbi?